Haƙƙinka na Hannun Wani, Ba Ka da Kuɗin Lauya: Wace Ƙofa Za Ka Ƙwanƙwasa?

Wanda ake tuhuma da babban laifi, ko ba shi da sisi, kotu kan nema masa lauya. Amma wanda aka cinye wa gado, ko aka riƙe masa albashin wata takwas, ko mai gida ya yaye masa kwanon ɗaki don ya tashi, shi babu mai nemo masa kowa. Shi zai tashi ya nema. Waɗannan su ne shari'o'in da ba na laifi ba: rigimar haƙƙi tsakanin mutum da mutum, ko tsakanin mutum da hukuma.

Wuraren samun taimako kyauta a Arewacin Najeriya suna nan, har sun fi yadda ake zato yawa. Inda gizo ke saƙar shi ne kowanne da irin aikinsa. Wanda ya kai kukansa inda ba huruminsu ba sai ya share wata uku yana zarya kafin a ce masa "ai ba nan za ka zo ba." Wani lokacin ma kafin ya gane hanya, wa'adin da doka ta ba shi na shigar da ƙara ya wuce.

Abubuwan da za ka auna

Na farko, kuɗin gaskiya. Mafi yawan wuraren da ke cewa aikinsu kyauta ne, ladan lauya suke nufi. Kuɗin shigar da ƙara, kuɗin kai sammaci, kwafin takardu, motarka da ta shaidunka, da yinin da ka rasa ba ka fita nema ba, galibi duk kanka suke.

Na biyu, ƙarfin abin da za ka fito da shi. Akwai takardar da in abokin rigimarka ya ƙi bi, kotu za ta tura ma'aikatanta su kama kayansa a yi gwanjonsu. Akwai kuma wadda in ya yage ta babu abin da zai same shi sai surutun unguwa. Wannan shi ne ma'aunin da mutane suka fi mantawa da shi, kuma a ganina ya fi sauran muhimmanci.

Na uku, sauƙi: nisan wurin, harshen da ake magana da shi, yawan takardu, da tsawon lokaci.

Na huɗu, haɗari: abin da za ka iya rasawa in ka bi hanyar. Zumunci ne, lokaci ne, ko haƙƙin gaba ɗaya.

Sai ka ɗora duk waɗannan a kan tambaya guda: da wa kake rigimar? Ƙanin mahaifinka ne, ko tsohon mijinki, ko ɗan kasuwa, ko ma'aikatar gwamnati? Amsar nan ita ke rufe wasu ƙofofin tun kafin ka fita daga gida.

Bari a fitar da ofishin 'yan sanda daga lissafi tun yanzu, domin nan mutane suka fi fara zuwa. Dokar 'Yan Sanda ta 2020, a sashe na 32, ta hana kama mutum saboda bashi ko saɓa yarjejeniya kawai. Haka ma dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 ta tanada. Wanda ya sa aka tsare mai bashinsa na iya wayar gari shi ake ƙara kan tauye haƙƙi, har a ci shi tarar da ta fi bashin.

Sulhu: mai unguwa, Hisbah da zauren sulhu na kotu

Nan ne ya fi kusa, ya fi arha, ya fi sauri. Mai unguwa ko dagaci ya san gonar, ya san wanda ya dasa bishiyar da ke kan iyaka, wataƙila ma ya san kakanninku. Hukumar Hisbah, wadda Kano ta kafa wa doka a 2003, tana sauraron rigimar aure, ciyarwa, bashi da gado kullum, da Hausa, ba tare da an cike wata doguwar takarda ba. Mace kan shiga da safe da goyonta, a kira mijin a waya, kafin la'asar an yanka masa abin da zai riƙa bayarwa duk wata.

Sai dai Hisbah ba kotu ba ce, mai unguwa ma haka. Abin da aka cim ma a gabansu yarjejeniya ce, ƙarfinta na ga kunyar wanda ya ɗauki alkawarin. In mai kunya ne, an gama. In ba ya da ita, bayan wata biyu za a koma gidan jiya.

Akwai wani haɗarin da ba a cika faɗa ba. A zaman sulhu, wanda ya fi rauni shi ake ba haƙuri. Gwauruwa mai 'ya'ya huɗu tana fuskantar 'yan'uwan mijinta biyar, dattawa na cewa "ki bari don zumunci, ai marayun nasu ne," da wuya ta iya cewa a'a. Sulhu alheri ne, babu mai musu. Amma kada a zauna sulhu sai an san abin da shari'a ta ba mutum tukuna. Wadda ta san tumunin takaba nata ne, ta san kason kowane ɗa da kowace 'ya, in ta yafe wani abu ta yafe da saninta. Wadda ba ta sani ba, ƙwace aka yi mata cikin ladabi.

Maganin raunin sulhu shi ne a rubuta, kowa ya sa hannu da shaidu, a kai wa alƙali ya mayar da shi hukuncin kotu. Don haka ne aka buɗe zaurukan sulhu a ƙarƙashin manyan kotuna. Legas ce ta fara a 2002, Kano ta buɗe nata a 2009. A can ƙwararren mai shiga tsakani ne ke zama da ku, in kun daidaita mai shari'a ya sa hannu, takardar ta zama daidai da hukunci. Akan biya wani abu, amma bai kama ƙafar kuɗin lauya ba. Ma'aikatun shari'a na wasu jihohi ma, irin su Kano da Kaduna, suna da sashen kare haƙƙin jama'a da ke yin irin wannan aiki.

Tsaya wa kanka a kotu

Mutane da yawa ba su san cewa ba dole sai da lauya ake shari'a ba. Kotunan shari'ar Musulunci, da kotunan yanki a jihohin da suke da su, an gina su ne don mutum ya yi magana da bakinsa. Za ka je wurin rajistara ka faɗi ƙararka, ka biya kuɗin shigarwa, a rubuta sammaci a sa rana. Nemi rasidi a kan duk abin da ka biya. In aka ce ka kawo kuɗin da babu rasidinsu, ka tambaya a natse ko na mene ne. Sau da yawa tambayar kaɗai kan rage adadin.

A gaban alƙali ƙa'idar sananniya ce: hujja na kan mai da'awa, rantsuwa na kan wanda ya musa. Ma'ana, kai da ka kawo ƙara kai za ka zo da shaidu: maza biyu, ko kuma a rigimar dukiya namiji ɗaya da mata biyu, ko shaida ɗaya tare da rantsuwarka, kamar yadda mazhabar Malikiyya ta tanada. Kafin yanke hukunci dole alƙali ya tambayi wanda hukuncin zai hau kansa ko yana da sauran magana ko wata hujja. Wannan shi ake kira i'izari, kuma kotunan sama sun sha rushe hukunci saboda an tsallake shi. In aka tambaye ka, kada ka ce "babu" don kunya alhali kana da shaidan da bai iso ba. Ka ce akwai, ka nemi a ɗage.

Ga aure, saki, hul'i, ciyarwa, riƙon yara da rabon gado, wannan hanya ta fi kowace dacewa da talaka Musulmi. Hukuncinta na da haƙori, kuma akwai ɗaukaka ƙara, yawanci cikin kwana 30. Wanda ba Musulmi ba, kotun gargajiya ko babbar kotu ce tasa, gwargwadon irin auren da aka ɗaura ko dokar da ta shafi gadon.

Inda ake faɗawa rami shi ne maganar fili. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta ce filin cikin birni mai takardar mallaka daga gwamna, babbar kotun jiha kaɗai ke da hurumin sauraron rigimar mallakarsa. Mutum na iya shekara biyu a ƙaramar kotu, ya yi nasara, a je sama a rushe komai saboda rashin hurumi. Sannan ga hauzi: in bare ya shekara 10 yana cin moriyar gona a kan idonka, kana ƙasar, ba ka ce uffan ba, da wuya kotu ta saurare ka, tsakanin 'yan'uwa kuwa wa'adin kan kai shekara 40. Kawaici na da iyaka a shari'a.

Ga bashi zalla kuwa akwai kotun ƙananan basussuka. Kano ta buɗe tata a 2019, da iyakar naira miliyan 5 a lokacin, da burin a gama shari'a cikin kwana 60. Ana farawa da rubuta wa wanda ake bi bashin takardar neman biya, in ya yi biris sai a cike fom a kotun majistare. Tela, mai kai kaya kanti, wanda ya yi aikin gini aka hana shi cikon kuɗinsa, duk dominsu aka yi ta. Saƙon banki da hirar WhatsApp da ya amsa bashin a ciki, kada ka goge su.

Hukumar ba da lauyoyi kyauta ta tarayya

Wannan ita ce aka fi sani da Legal Aid. An kafa ta a 1976, tana ƙarƙashin Ma'aikatar Shari'a ta Tarayya, kuma tana da ofis a kowace jiha. Da farko aikinta ya fi karkata ga masu laifi. Dokar 2011 ce ta fayyace aikinta gida uku: kare wanda ake tuhuma, taimako a shari'ar da ba ta laifi ba, da wayar da kan al'umma.

Sharaɗin shiga shi ne abin da mutum ke samu kada ya wuce mafi ƙarancin albashi na ƙasa, wanda ya koma naira 70,000 a 2024. Hukumar na da ikon sassauta wa wanda ya ɗan haura in yanayinsa ya nuna buƙata. A ɓangaren da ba na laifi ba, dokar ta ambaci abubuwa uku ƙarara: neman diyyar haɗari, har da wanda ya ji rauni a bakin aiki, tauye haƙƙoƙin da babi na huɗu na tsarin mulki ya ba ɗan ƙasa, da neman haƙƙi sakamakon laifin da aka yi wa mutum. A aikace ofisoshin kan ba da shawara, su kuma yi sulhu a kan haya, aure da makamantansu.

Abin da ta fi kowa da shi: lauya ne na gaske, mai shiga babbar kotu da kotun ɗaukaka ƙara, ba ka biya shi ladan aiki ba. In injin masana'anta ya cinye wa mutum yatsu kamfanin ya sallame shi da kuɗin magani, ko an tsare wani ba bisa ƙa'ida ba yana neman diyya, nan ne wurin zuwa. Ƙarar tauye haƙƙi ma tana da wani rangwame: ƙa'idojin shigar da irin wannan ƙara na 2009 sun cire mata wa'adi, sun kuma yarda wani ya shigar a madadin wanda aka zalunta.

Rauninta a fili yake. Lauyoyin kaɗan ne, gidajen yari cike suke da masu jiran shari'a, kuma ba laifi ba ne in lauya ya fifita wanda ke tsare a kan wanda ke rigimar haya. Ofishin yana babban birnin jiha. Mutumin ƙauye sai ya yi kuɗin mota. Wanda fayil ɗinsa ke motsi shi ne wanda ke bibiya: ya zo da takardunsa a jere, ya san ranar zamansa, ya leƙo kafin ranar. Ka kuma tambayi lauyan game da roƙon kotu ta yafe maka kuɗin shigar da ƙara, domin ƙa'idojin manyan kotuna sun tanadi haka ga wanda ya tabbatar da rashin halinsa. Da yawa ba sa nema don ba su san akwai ba.

Ƙungiyoyin mata da yara

Ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA ta shigo Najeriya a 1964, tana da rassa a jihohi. WRAPA kuma, wadda Mai Shari'a Fati Lami Abubakar ta jagoranci kafawa a 1999, ta daɗe tana aiki kan haƙƙin mata a ƙarƙashin shari'ar Musulunci da ta ƙasa. A Kano akwai gidauniyar Isa Wali da ke horar da mataimakan lauya a cikin unguwanni.

Fifikonsu ba a sanin doka kaɗai yake ba. Akwai maganar da mace ba za ta iya faɗa a gaban maza a cikin kotu ba, amma za ta faɗa wa mace lauya a ɗaki. Sukan fara da kiran mijin ko danginsa a zauna. In ya ƙi, su raka ta kotu. Kasancewar lauya a gefenta kawai kan sauya yadda ake mata magana. Iyakarsu ita ce aikin sa-kai ne, ƙarfinsu na bin tallafin da suka samu, reshen wata jiha ya fi na wata kuzari. Kuma namiji mai rigimar kasuwa ba nan ne wurinsa ba.

Hukumomin karɓar koke

In abokin rigimarka hukuma ce ko kamfani, kafin ka yi tunanin kotu ka gwada Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a ta tarayya, wadda aka kafa a 1975. Fanshon da ya maƙale, giratutin da aka ƙi biya, kora ba bisa ƙa'ida ba, kuɗin da banki ya cire babu dalili: takarda ɗaya za ka rubuta ka haɗa da kwafin shaidunka, ba ka biyan ko kwabo. Hukumar za ta rubuta musu, doka kuma ta ba su kwana 30 su amsa. Wasiƙar da ta fito daga hukuma zuwa hukuma takan tayar da fayil ɗin da ya shekara yana barci.

Amma shawara take bayarwa, ba ta tilastawa. Ba ta karɓar maganar da ke gaban kotu, ko wadda ta wuce wata 12 da faruwa, kuma tana so ka fara kai kukanka ga ita ma'aikatar tukuna. Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa, da aka kafa a 1995, ta fi ta ƙarfi ta wannan fuska: tun gyaran dokarta na 2010, hukuncinta in aka yi masa rajista a babbar kotu ana zartar da shi kamar na kotu.

Babban haɗarin wannan hanya agogo ne. Akwai dokar kare jami'an gwamnati da ta ce a shigar da ƙara cikin wata 3 da faruwar abin. Tana da togaciya, lauyoyi na ta muhawara a kansu, amma kada ka jingina haƙƙinka da togaciya. Zaman jiran amsar koke ba ya tsayar da wannan wa'adi. Ranar da ka miƙa kokenka, ranar ka nemi lauya ya ƙirga maka kwanakin da suka rage. Ka kuma sani rigimar aiki da albashi hurumin Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ce.

Ɗaliban lauya da lauyoyin sa-kai

Tsangayoyin shari'a na jami'o'i irin su Ahmadu Bello a Zariya, Bayero a Kano da ta Maiduguri suna da ofisoshin da ɗalibai ke ba da shawara kyauta a ƙarƙashin kulawar malamansu. Ba sa tsayawa a kotu, kuma in an tafi hutu ko yajin aiki sai a hankali. Amma don a karanta maka takardar haya, a rubuta maka wasiƙa, ko a gaya maka kotun da ke da hurumi, sun wadatar.

Rassan ƙungiyar lauyoyi ta NBA na da kwamitocin da ke haɗa marasa hali da lauyoyin sa-kai, haka ma lauyoyi masu hidimar ƙasa. Mai neman muƙamin babban lauya dole ya nuna shari'o'in da ya yi kyauta, saboda haka roƙonka ba bara ba ne. In ƙarar ta kuɗi ce mai kauri, wani lauyan zai yarda a biya shi kaso bayan an ci. A rubuta kason tun farko.

| Hanya | Kuɗi | Ƙarfin sakamako | Sauƙi | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|
| Mai unguwa, Hisbah | Kusan babu | Rauni, sai kotu ta tabbatar | Sosai | Matsa wa mai rauni |
| Zauren sulhu na kotu | Kaɗan | Kamar hukunci | Matsakaici | Ɗayan ya ƙi daidaitawa |
| Tsaya wa kai a kotu | Shigarwa da sammaci | Ƙaƙƙarfa | Da sauƙi, da Hausa a kotun Musulunci | Kuskuren hurumi, rashin shaidu |
| Legal Aid | Ba ladan lauya | Ƙaƙƙarfa | Sai da bibiya | Jinkiri |
| FIDA, WRAPA | Ba ladan lauya | Ya danganta da inda aka ƙare | Da sauƙi ga mata | Ƙarancin ma'aikata |
| Hukumomin koke | Babu | Shawara, ko hukunci mai rajista | Takarda ɗaya | Wa'adin ƙara ya wuce |
| Ɗalibai, 'yan sa-kai | Babu, ko kaso | Shawara, ko wakilci | Sai a birni | Rashin ɗorewa |

Wacce ce taka?

Wadda aka saka aka bar ta da yara babu ciyarwa: Hisbah ko FIDA da farko, amma in ya saɓa alkawari sau ɗaya, kotun Musulunci kai tsaye, kada a sake zaman ban-haƙuri.

Magadan da wani babba ya danne wa tarika: a fara da malamin da ya san rabon gado ya fitar da kason kowa a rubuce, sannan a yi sulhu. In an ƙi, kotun Musulunci. In kuma rigimar ta koma "gidan ma ba na mamacin ba ne" kuma akwai takardar gwamna, lauya ake buƙata, sai a nufi Legal Aid ko NBA.

Mai bin bashi da shaidar banki ko rubutu: kotun ƙananan basussuka, shi kaɗai, ba lauya.

Ɗan hayar da aka ce ya kwashe kayansa gobe: a yawancin jihohi, in babu wata yarjejeniya a rubuce, mai biyan shekara notis ɗin wata 6 ne haƙƙinsa, mai biyan wata kuma wata guda, sannan a ƙara kwana 7, kuma kotu ce kaɗai ke fitar da mutum. Ɗaliban lauya za su iya rubuta wa mai gidan wannan a takarda ɗaya.

Tsohon ma'aikacin da fanshonsa ya maƙale: hukumar koke, tare da ganin lauya a makon farko saboda wa'adi.

Wanda ya ji rauni a wurin aiki ko a haɗarin mota, ko aka tsare shi ba dalili: Legal Aid ko Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam. Ya tafi da takardun asibiti, hotuna da sunayen shaidu, kuma kada ya sa hannu a kan takardar "mun sasanta" da kamfanin ya miƙo masa sai lauya ya karanta ta.